Layin Tawada a Wuyan Mai Randa

Na sha wuya a satin rasuwar Kawu, ba zan ɓoye ba. Daga Salaga na taso ko koko ban sha ba, hanya ta cinye mini taya ɗaya kafin in kai Yendi. Can na tsaya na ɗauki Kawu Malam, yayan mamacin, muka kama hanyar Bawku. Tun daga ƙofar gidansa har muka isa carbi kawai yake ja. Ko da muka shiga gari an riga an kai shi. Ɗanyar ƙasa kawai muka tarar. Na haura shekara hamsin a duniya, na binne uwa na binne uba, amma ban taɓa jin zafin rashi irin na ranar ba.

Ni ba mutumin rubutu ba ne. Aji huɗu na yi na gudu tasha, tun daga nan tuƙi nake. Taubashiyata, 'yar Kawu da ke aikin nas a Bolga, ita ta matsa mini. Ta ce, "Direban doya, kai ka fi kowa zama da shi. In ba ka rubuta ba, nan da shekara biyu ba abin da za a tuna sai tsohon nan mai sayen hotuna." Na ce to. In an ga kuskure, ita za a tambaya.

Mutane sun zo. 'Yan kasuwar shanu sun zo, sun ce bai taɓa ɓoye wa mai saye aibin dabba ba. 'Yan hatsi sun zo daga tsallaken iyaka, wasu ko Hausa ba su ji sosai, suka zauna a tabarma suna girgiza kai. Wani maƙwabcinsa Bakusashe, ɗan ƙabilar yankin, wanda ba ya salla, ya kawo rago ya ɗaure a ƙofar gida ya tafi bai jira godiya ba. Amma duk wanda ya gama "Allah ya ji ƙansa", sai ya matso kusa da ni ya rage murya: "To, takardun nan fa?" Wani dillali ya ce mini, "Mutum mai hankali kamar Alhaji, a ce ya sayar da bijimi ya sayi takarda!" Wata tsohuwa mai rabon masar sadaka kuwa ta rantse cewa asiri aka yi masa a ƙasar da ake kawo shinkafa mai ƙamshi.

Ranar addu'ar uku Kawu Malam ya kira mu zaure, ni da taubashiyata da yayyenta maza biyu. Ya ce, "Ranar bakwai, in mutane sun watse, kafin a taɓa maganar gado, a fito mini da akwatin nan. Duk hoton da ba rai a ciki, na bar muku. Duk mai rai, zan ja masa layi a wuya. Ba zan bar ƙanena ya kwanta da wannan nauyi ba."

Mazan suka ce abin da Baba Malam ya gani shi ne daidai. Su shago da shanu ne damuwarsu. Taubashiyata ta dube ni. Ni kuwa na dubi ƙasa, don wata biyu kafin nan Kawu ya kama hannuna ya sa na yi masa alkawari cewa tawada ba za ta sake taɓa takardunsa ba. Ni ɗan ƙanwarsu ne. Ba ni da gado, ba ni da baki a zauren nan. Alkawarin kawai gare ni.

Bari in faɗi abin da takardun suke, don yawancin masu surutu ba su taɓa ganin su ba. Ba hotunan kyamara ba ne, ba kuma irin na kalanda ba. Aikin masu zane ne na ƙasar Tailan, na yanzu, masu rai. Mai zane zai sassaƙa hoto a jikin katako ko faifan ƙarfe, ya shafa tawada, ya danna shi a kan takarda mai kauri kamar fatar tunkiya. Zai buga talatin, ko arba'in, sai ya kankare katakon don kada a ƙara ko ɗaya. Kowace takarda yana sa mata lamba da fensir a ƙasa, ya sa hannu. In ka ga tara a kan arba'in, to ita ce ta tara, kuma arba'in ɗin nan su ke nan a duniya. Kawu yana da guda arba'in da uku. Goma sha ɗaya ne masu rai: mutane, bauna, tsuntsaye, wata kyanwa a kan kwale-kwale. Sauran gonakin shinkafa ne da rufin gidaje da ruwan sama.

Kafinta ya sa ya yi masa akwati shimfiɗaɗɗe, faɗinsa ya kai rabin ƙyaure, ya ɗora shi a kan bulo huɗu a ƙarƙashin gado saboda gara da raɓa. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci yake buɗewa. Kafin ka taɓa sai ka wanke hannu da sabulu, ko da alwalarka. In da goro a bakinka, ka fita ka tofar. Ba a shiga ɗakin da biro. Kuma maganarsa guda ce, wadda duk gidan suka haddace: "Hannu biyu." Har in jikokinsa za su miƙa masa shayi, sai ka ji uwarsu ta ce, "Hannu biyu," ana dariya. Shi bai taɓa yin dariyar ba.

Asalin abin, lokacin yana da ƙarfi yana zuwa Bankok sarin takalma da yadi. Wata tafiya ruwa ya tsare shi a wani lungu, ya fake a bakin wani shago. A ciki ya ga wata mata tana ɗaga takarda daga jikin katako. Ya ce mini ya tsaya a wurin har ruwa ya ɗauke, har ya sake dawowa. Hoton wata mace ce ta ba da baya, da ɗaurin ƙirji, tana tsaye gaban wata ƙatuwar randa da moɗa a hannu. Ba a ganin fuskarta. Ya saya. Ita ce ta fari.

Ni na ɗauko shi daga Tamale a dawowar nan. Ya ce kada mu wuce Bawku kai tsaye, mu bi ta Yendi, akwai abin da zai nuna wa Yaya. Duk hanya yana rungume da kwalin kamar jinjiri. Muka isa, aka gaisa, ya shimfiɗa takardar a kan buzun Kawu Malam, ya ce, "Yaya, duba wannan, bari in kama ruwa." Ina zaune a bakin ƙofa. Kawu Malam ya yi mata kallo ɗaya, ya jawo kurtun tawada, ya tsoma alƙalami, ya ja layi baƙi ƙirin daga wannan gefen wuyan zuwa wancan. Haka suke yi a gidan, ko hoton jikin gwangwanin madara ne. In an raba kai da gangar jiki, ya daina zama surar mai rai, mala'iku za su shiga ɗaki.

Kawu ya dawo yana yarfe ruwa, ya tsaya cak.

"Na gyara maka," in ji Kawu Malam. "Yanzu kana iya ajiyewa."

"Yaya, ka duba kuwa?"

"Na ga kai, na ga wuya. Me ya rage?"

Kawu ya jira tawadar ta bushe, ya ɗauki takardarsa, ya ce mini in tayar da mota. An riga an kawo tuwo, ko murfin ba mu ɗaga ba. Shekara ashirin ke nan. Ba wai sun daina gaisawa ba ne. Suna haɗuwa a suna da biki, suna waya da salla, duk kaka Kawu yana aika masa buhun gero. Amma bai sake kwana a Yendi ba. Takardar nan kuwa ya sa mata suna Yankakkiya, kuma ita ce a sama duk sanda aka buɗe akwati.

Na taɓa tambayarsa me ke cikin hoton nan haka. Mace ce kawai da randa, ga mata da randuna cike da unguwarmu ta Zango. Ya ce, "Kai ba za ka gane ba, ɗana. Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai gane, shi kuma bai duba ba."

Da gwiwoyinsa suka hana shi tafiya, taubashiyata ta saka masa wurin gwanjon a waya. Can ana tara irin waɗannan takardu a sa rana, mutane daga ko'ina su yi ta tayi, wanda ya fi ya ɗauka. In su suna yamma, mu nan hantsi ne. Ranar gwanjo sai ya yi wanka, ya sa babbar riga da hula, ya fesa turare, ya zauna a kujerar zaure da waya a hannu. Hajiya matarsa ta ce, "Alhaji, wa zai gan ka?" Ya ce, "Ba a shiga kasuwa da singileti." Yadda yake sayen shanu haka yake yi. Ba ya fara tayi. Yana bari su gaji, sannan ya sa baki. Abokan takararsa ba ya ganin su, lambobinsu kawai ke fitowa, amma ya san halin kowa. Akwai wani mai lamba ɗari biyu da shida, in ya bayyana sai Kawu ya ce, "Ga mutumina ya zo. Sannu da zuwa, mai taurin kai." Sau da yawa yana janyewa, ya kife wayar ya ce, "Allah ya sa ya riƙe ta da hannu biyu." Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Masu cewa jari yake tarawa ba su san shi ba.

Duk sauran takardun na hanya ne. Abin da yake nema guda ne: 'yar'uwar Yankakkiya. Yakan ce, "Arba'in ne. Yaya ya yanka ɗaya. Cikin talatin da tara ko ɗaya Allah zai ba ni." Ta taɓa fitowa sau ɗaya. Ina nan ranar. Saura shi da mai taurin kai, yatsansa na kan waya, sai wayar ta saki layin Ghana ta kama na Togo, kamar yadda takan yi a Bawku in ta ga dama. Kafin ta dawo an rufe. Sannan ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Ba rabona ba ce. Tashi mu je mu ga shanu."

Ba waliyyi ba ne. Yana da riƙo, abin da ya faru a Yendi ya isa shaida. In ya ƙi magana, ko liman ya zo sai ya koma. Ya taɓa hana Hajiya shafa man kaɗe a ɗakinta na aure saboda takarda, suka yi wata guda ba ta kai masa ruwan wanka. Amma ga abin da ya yi mini.

Shekarar da na kifar da lorin doya a hanyar Kpandai, ba wanda ya mutu, amma ni na fito ba yadda na shiga ba. Hannuwana suka kama rawa. In na riƙe sitiyari sai gumi ya karyo mini. Mai lori ya karɓe makullinsa. Duk wanda ya zo gaishe ni, doya nawa ta lalace yake tambaya. Kawu ya zo Salaga da kansa, da gwiwoyin nan nasa, ya dube ni ya ce, "Haɗa kayanka." Ya kai ni Bawku. Washegari, ba ma Juma'a ba, ya jawo akwati ya ce in wanke hannu. Na ce, "Kawu, dubi hannun nan fa. Zan yaga maka." Ya ce, "In ka yaga, tawa ce. Ɗauka. Hannu biyu." Abin da ko 'ya'yan cikinsa bai yarda su taɓa ba. Kullum da safe in kwashe su ɗaya bayan ɗaya daga akwati zuwa gado, in mayar. Ba ya ce mini sannu, ba ya ce mini yi haƙuri. Wajen sati na shida na lura takarda ta daina kaɗawa a hannuna. Shi ma ya lura. Ya miƙo mini makullin tsohuwar motarsa ya ce, "Je ka sayo mini lemo can garin Garu." Akwai lemo a bakin ƙofarsa. Motar nan ita nake ci da ita har yau.

Bana wata 'yar'uwar Yankakkiya ta sake fitowa, ta talatin da ɗaya. Wannan karon taubashiyata ta zo musamman daga Bolga da waya biyu. Ya samu. Ni na je Tamale na karɓo. Da ya buɗe bai yi murna irin wadda na zata ba. Ya kalle ta, ya sa ta a ƙarƙashin Yankakkiya, ya kama hannuna ya karɓi alkawarin da na faɗa. Lokacin ciwon ajali ya riga ya ci jikinsa.

Tsakanin uku da bakwai abinci bai yi mini daɗi ba. Taubashiyata ta tare ni a bayan ɗakin girki ta ce, "Kai wane irin direba ne? Ga mota ga akwati. Ɗauke mana!" Na ce, "Nas, akwatin yana ƙarƙashin gadon da Hajiya ke takaba. In ce mata ɗaga ƙafa zan yi sata? Kuma in kalli Kawu Malam da wane ido?" Ta ce, "Da ma na san doya kawai ka iya ɗauka." Ta juya tana share hawaye.

Ranar bakwai bayan la'asar aka fito da akwatin tsakar gida inda haske yake. Kawu Malam ya zauna a buzu, kurtu da alƙalami a gefensa. Hajiya tana daga bakin ƙofa cikin mayafi. Na durƙusa na ce, "Kawu Malam, ban isa in hana ka ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ni zan riƙa ɗauko maka, kuma ka wanke hannu."

"Da alwalata."

"Ya ce ko da alwala."

Ya dube ni har na ji kunya. Sannan ya ce a kawo sabulu.

Na ɗauko ta sama. Tana cikin farar takarda mai laushi, a jiki akwai rubutun ajami da fensir, wanda na sha gani ban iya karantawa ba, taubashiyata ma boko kawai ta sani. Kawu Malam ya sa tabarau ya kai kusa da ido. Ya karanta a fili, a hankali: "Ta Yaya ce, in ya duba." Ya buɗe, ya ga layinsa. Ya ajiye ta gefe.

Na ɗauko ta biyu, mai tsabta, na shimfiɗa a gabansa. Ya tsoma alƙalami. Amma idon yanzu ba na shekara ashirin da suka wuce ba ne. Wuyan ma sai ya neme shi. Ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa takarda, ya faro daga ƙasa yana bi sama. Sai ya tsaya. Alƙalamin yana sama, tawada ta taru a bakinsa tana lilo. Ban san sanda na tura tafin hannuna ƙarƙashi ba. Ɗigon ya faɗo a hannuna. Shi bai ma sani ba. Ba wuyan yake kallo ba, ƙafafun yake kallo.

Ni na ɗauki Yankakkiya ya fi sau ɗari, ban taɓa kula ba. Matar a kan ƙafa ɗaya take tsaye. Ta ɗora tafin hagu a gefen gwiwar dama, kamar zalɓe.

"Inna," in ji shi.



"Haka take tsayuwa gaban randa, a gidanmu na Salaga. Faso gare ta a dugadugin hagu, ba ta son ya taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa. Baba ya yi faɗa har ya gaji." Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ko ɗaya ba mu da shi."

Kakata ke nan, wadda ta rasu ban yi wayo ba.

Ya juyo gare ni. "Shekara ashirin. Me ya hana shi ya buɗe baki ya faɗa mini?"

Na ce, "Ya tambaye ka ko ka duba. Ina wurin."

Taubashiyata ta zungure ni a baya, amma magana ta riga ta fita. Kawu Malam ya goge bakin alƙalami a gefen buzu, ya toshe kurtu.

"Abin da na karanta bai canja ba," in ji shi. "Kada wani ya fita ya ce Malam ya halatta. Amma na yanka ta sau ɗaya, hannuna ba zai ƙara ba. Ƙanena kuma ni zan roƙa masa, Allah ya fi ni sanin abin da ya sa ya ajiye." Ya ɗaga murya wajen ƙofa. "Hajiya, ku ne masu abu. Me kuka ce?"

Hajiya ta ce, "A ba wanda ya iya riƙe su."

Taubashiyata ta ce, "Ajiya ce fa, direban doya. In gara ta ci ko kusurwa ɗaya, sai na yi maka allurar da ba za ka zauna ba." Mazan suka ce ba su da ja.

Kawu Malam ya jawo Yankakkiya gabansa. "Wannan an riga an ja mata layi, tana iya zama a ɗakina. Gobe za mu koma. Abin da ka saka a bayan motarka ban tambaye ka ba, ba kuma zan waiwaya ba."

Allah ya ji ƙan Kawu, ya yafe masa riƙonsa, ya haɗa shi da wadda ya yi shekaru yana nema a takarda.

Washegari da na dawo sallar asuba na kwance kujerar baya na jingine ta a zaure, don akwatin ba ya son tsayuwa, sai kwanciya. Na shimfiɗa bargo, muka ɗora shi, na rufe da tabarma. Na yanko kwali biyu na saka Yankakkiya a tsakani na ɗaure da zare. Tawadar nan tana tafin hannuna, sabulu bai fitar da ita ba. Kawu Malam ya shiga gaba, na ɗora masa kwalin a cinya. Ya dafe da hannu ɗaya, ɗayan yana jan carbi. Na tayar da mota, amma ban saka giya ba.

Ya ce, "Me muke jira?"

Na ce, "Hannu biyu, Kawu Malam."

Ya saka carbin a aljihu, ya riƙe. Na ja muka kama hanyar Yendi.